Muryar Ɗan Malam

Ranar da aka sako Ɗan Malam daga gidan kaso, A'i ba ta je tarbarsa ba. Mijinta Lamine ne ya hau moto, wato babur ɗinsa, tun da safe ya nufi Mayahi, inda motar Maradi za ta ajiye yaron. Ita kuwa ta zauna a tsakar gidansu na Gidan Amumune tana murza tunkuza, kamar yadda ta saba kowane jajibirin kasuwa. Sai dai ranar ƙuli-ƙulin bai yi kyau ba. Wani ya fito da kauri, wani siriri, wani ma ta manta shi cikin mai har ya ƙone.

Sunansa na yanka Misbahu, sunan mahaifin Lamine, shi ya sa ba mai faɗarsa a gidan, sai dai Ɗan Malam. Ga A'i kuma kunyar biyu ce, domin shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiransa da baki a gaban mutane ba, ba ta taɓa zama ta ƙura masa ido ba. Haka ta ga uwarta ta yi da nata ɗan farin, Danda, yayan A'i, haka ita ma ta yi.

Bayan azahar ta ji ƙarar moto a ƙofar gida. Lamine ya shigo da sallama, yaron na biye da shi riƙe da baƙar leda. Ya yi tsawo, an yi masa aski ƙwal, wandon da ya tafi da shi ya ɗage har ƙwauri. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta da kai. Daga nan sai ya ajiye ledar, ya ɗaga hannuwa biyu ya shiga juya su da sauri, yatsu na buɗewa suna rufewa, yana taɓa ƙirji yana taɓa haɓa, idonsa kyam a kanta.

A'i ta dubi mijinta. "Maigida, mi ya ce?"

"Ina na sani? Tun daga tasha haka yake yi mini."

Sai ta yi abin da ta iya. Ta haɗa yatsunta ta kai baki, alamar abinci ke nan a gidan tun yana ƙarami. Yaron ya tsaya yana kallon hannun nata. Can ya sauke nasa hannuwan a hankali, ya gyaɗa kai, ya nemi gindin bango ya zauna.

Ba haka aka haife shi ba. A Kona A'i ta haife shi, a ɗakin uwarta da kowa ke kira Iya, kuma da aka yaye shi can aka mayar da shi. Duk wanda ya san Kona a waɗancan shekarun ya san jikan Iya mai surutu. In kawunsa Danda ya ɗaura amalanke za shi kasuwar Korgom, yaron na bisa buhunan gero, yana gaida duk wanda aka wuce, yana tambayar makiyaya sunayen shanunsu, yana kwaikwayon mai karanta labarai a rediyo. Iya na ce masa maigidana, shi kuma yana ce mata tsohuwa mai rowar fura. A'i takan je Kona da salla ko bayan girbi. Sai ta shige ɗaki ta yi kamar tana gyaran wake, alhali kunnenta na waje, ba kalmarsa ɗaya da ke wuce ta. A'i yake kiranta, gatsau, yadda ya ji Iya na faɗa. Ba ta amsawa, amma in ta koma gida takan yi kwanaki tana jin kiran a kunnenta.

Yana shekara bakwai sanƙarau ya shigo garin da bazara. Danda ya kai shi likita a Tasawa, wuyansa a sandare. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Da farko an ɗauka taurin kai ya koyo a gadon jinya, a yi ta kira ya ƙi waiwayowa. Iya ce ta gane. Ta laɓaɓo bayansa ta saki kwanon sha a kan turmi, kaji suka watse, yaron bai ko motsa ba. Ranar Iya ba ta ci abinci ba.

Lamine ya ce a dawo da shi Gidan Amumune a sa shi lakwal, makarantar boko, ko Allah ya sa ya tsinci wani abu. Bayan shekara guda Iya ta rasu. Mushen da aka ba shi, wato malamin ajin, ba mugun mutum ba ne, amma ajinsa cike yake maƙil, kuma da baki yake koyarwa, rabin lokaci ma ya juya baya yana rubutu. Ɗan Malam ya iya kwafar duk abin da ke allo da rubutu mai kyau, ba tare da ya san me yake nufi ba. Ya maimaita aji, ya sake maimaitawa, har ƙannen bayansa suka wuce shi, sannan ya daina zuwa, ba kuma wanda ya aiko nemansa. Maganarsa ma ta ɗan jima tare da shi, sai dai kalmomin suka fara karkacewa, murya na fita da ƙarfi inda bai kamata ba. Yara suka riƙa kwaikwayonsa. Wata rana ya rufe bakinsa, bai sake buɗewa ba. Gari ya koma ce masa Bebe.

A gida da 'yan alamu ake tafiya: ci, sha, zo, tafi, bari. Ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma da su aka raine shi har ya zama saurayi. Da ya fara zama wurin wasu samari a bakin tasha, A'i har daɗi ta ji, don suna ba shi shayi, suna dafa kafaɗarsa. Su ne ranar wata kasuwa suka nuna masa wata moto a gindin bishiyar bedi, suka yi masa alamar ta lalace, ya tura musu ita bayan gari. Ya kama turawa da rana tsaka, hankalinsa kwance. Da aka yi ihun ɓarawo, su suka ji suka arce. Shi bai san ana yi ba sai da sanda ta sauka a bayansa. A wurin bincike kuma duk tambayar da aka yi masa sai ya gyaɗa kai, domin ya daɗe da gane cewa in ya gyaɗa kai mutane na ƙyale shi. Alƙali ya tura shi sashen yara na gidan kaso a Maradi. An yi shuka babu shi, an yi noman fari da maimai babu shi, sai da gero ya fara fitar da kai ya dawo.

Kwanakin farko sun yi wa kowa nauyi. In an ba shi tuwo sai ya juya baya ya ci da sauri, ya ɓoye saura. Ba ya zama sai bayansa na jingine da bango. In A'i ta taɓa shi ta baya don ta ba shi wani abu, sai ya zabura kamar an ɗana masa wuta. Wani lokaci takan hango shi a bayan rumbu yana ta wannan juya hannun shi kaɗai, fuskarsa na canzawa kamar mai hira da wani. Maƙwabta sun shigo barka, amma ta lura matan na riƙe da bakin zanensu inda suke ɗaure 'yan kuɗinsu, kuma masu aiko yara sayen mai sun ragu.

Ana haka tunkiyar maƙwabcinsu Na Allah ta ɓace. Ya zo ƙofar gida ya yi sallama da Lamine, suka gaisa har da tambayar iyali.

"Ba wai na ce wani abu ba ne, Malam Lamine," in ji Na Allah. "Cewa na yi ko yaron ya gan ta. Ka san shi yana zagayawa."

Lamine ya shigo fuskarsa a murtuke. Ya fizgo hannun yaron ya kai shi ƙofa, ya nuna Na Allah, ya yi ƙaho da yatsu a kansa, ya buɗe tafin hannu alamar tana ina. Ɗan Malam ya dubi uban, ya dubi maƙwabcin. A'i na daga bakin madafa ta ga lokacin da ya gane abin da ake nufi. Ya fizge hannunsa, ya koma ciki, ya ɗauki kwanon furar da ta dama masa ya maka da bango. Kafin la'asar aka tsinci tunkiyar a gonar waken wani, cikinta ya yi taf. Na Allah ya aiko a ce an gan ta, bai zo da kansa ba.

"Daga yau ba ya fita," in ji Lamine. "In ba a gan shi waje ba, ba a ce shi ne ba."

"To ai can ma da ya fito haka aka yi mishi," in ji A'i a hankali.

"Ke kina da wata dabara? Ni ke yawo cikin mutane da moto, ni ke jin abin da ake faɗi."

A'i ta sunkuya ta kwashe furar da ta zube.

Ranar kasuwar da ta biyo baya wani ɗan kabu-kabu ya ajiye wata mata a ƙofar gidan, doguwa, da jaka a kafaɗa. Ta ce sunanta Nana Firdausi, tana aiki da wata ƙungiya mai ziyartar yaran da ke kaso, ta zo Mayahi wani aiki ta ce bari ta ƙaraso ta ga Misbahu. Kafin A'i ta gama shimfiɗa tabarma yaron ya fito daga ɗaki. Da ya ga baƙuwar sai fuskarsa ta washe gaba ɗaya, irin washewar da A'i ba ta gani ba tun zamanin Kona. Hannuwansa suka tashi, na matar ma suka tashi, suka yi ta yi har da dariya.

"Malama, wai duk wannan magana ce?" in ji A'i.

"Magana ce sosai, Yaya. Ƙanena kurma ne, a wurinsa na fara koya. Da na tarar da Misbahu can ciki ba mai iya ce mishi komai, sai na riƙa zama da shi duk zuwan da na yi. Bon, ban taɓa ganin mai kama abu da sauri kamarsa ba. Yunwar magana gare shi." Ta dubi yaron, ta dubi A'i. "Ya ce yana da tambayoyi da ya daɗe yana son yi miki. In kin yarda ni ce bakinsa, ni ce kunnensa."

A'i ta gyara lulluɓi ta zauna a gefen tabarma, tana kallon ƙasa.

"Sai kin dube shi, Yaya. In ba ki dube shi ba, kamar kin toshe kunne ne."

Ta ɗago da ƙyar. Ta zaci zancen moto zai yi, ko na dukan da ya sha, ko na tunkiya. Hannuwan suka motsa, Nana Firdausi ta fassara.

"Ya ce, mi ya kashe Iya? Ya ce an kai shi Kona ya tarar da ɗakinta ba kowa, wani ya yi mishi alamar barci, shi ke nan. Ya daɗe yana zaton tafiya ta yi. Ya ce ta yi ciwo ne? Ta neme shi?"

Shekara da shekaru yaron na ɗauke da wannan tambayar a cikin gidan A'i, yana cin tuwonta, ba ta sani ba. Sai ta ba shi labari tiryan-tiryan. Ciwon ƙirji ne, bai yi mata tsawo ba. Ranar Juma'a ta cika, da hantsi. Kuma har ranar da za ta rasu tana tambaya ko maigidanta ya ci abinci, ko an saya masa takalmin lakwal. Nana Firdausi na juya zancen da hannu, yaron na kallo ba ya ko ƙiftawa, hawaye na bin kumatunsa bai share ba.

Sai ya sake ɗaga hannu, wannan karon da ɗan jin nauyi, yana taɓa maƙogwaronsa.

"Ya ce ya ga samari sa'o'insa zakaran wuyansu ya fito, an ce mishi muryarsu ta fashe. Wai shi ma tasa ta fashe? Ya ce yana tuna muryarsa ta yaro, bai san wadda yake da ita yanzu ba."

"Ki ce mishi ban sani ba," in ji A'i. "Ya daɗe bai bari mun ji ba."

Yaron ya duba ƙofar gida ya tabbata ba kowa. Ya dafa ƙirjinsa, ya buɗe baki.

"A'i."

Kalmar ta fito a karkace, da ƙarfi fiye da kima, amma murya ce ta namiji, mai kauri. Rabon A'i da wannan kiran tun yana bisa amalanken Danda. Kuma a karon farko a rayuwarta ta amsa.

"Na'am." Ta juya wurin baƙuwar tana share ido da bakin mayafi. "Ki ce mishi ta fashe. Irin ta kawunsa Danda ce sak."

Da aka faɗa masa sai ya tuntsire da dariya, ya kumbura kumatu ya yi alamar bajimin sa. Ashe yana tune da muryar Danda.

Lamine ya dawo cin abincin rana ya tarar da su. Bayan an gaisa Nana Firdausi ta ce masa akwai makarantar kurame a Maradi, da hannu ake koyarwa, kuma manyan yara irin Misbahu ana haɗa musu da sana'a, aikin katako ko ɗinki. Akwai gidan da 'yan nesa ke zama. In an koma lakwal bayan hutu za ta iya yi masa hanya.

Lamine ya girgiza kai. "Madan, mun gode da ɗawainiya. Amma Maradin nan daga ita ya fito. In sake ɗaukar shi da hannuna in kai shi inda ba idona? A nan ma da nike ganin shi ga abin da ya faru."

"Ku yi shawara dai, Malam. Shi ma a tambaye shi."

Bayan ta tafi A'i ta ce, "Maigida, girbi ya zo. Yaya Danda na neman hannu. Bari in kai shi Kona ya sha iska, tunda nan ba ya fita."

Wannan kam Lamine bai musa ba.

Kona ba ta canza sosai ba, sai dai rufin kwano ya ƙaru, kuma ɗakin Iya ya zama wurin ajiyar harawa. Danda ya tsufa, gemunsa ya yi fari, amma muryar na nan. Ya rungume yaron yana ta faɗin, "Kai, maigidan Iya ya zama ƙato!" kamar yana jin sa. Washegari da safe ya kama hannunsa suka tafi maƙabarta su biyu. A'i ta tsaya a bakin ɗakin uwarta tana kallon gurbin da gadon kara yake a da, da ƙusar da Iya ke rataye faifai. Da suka dawo idon yaron ya yi ja, amma ya ci abinci a gaban kowa, bai juya baya ba.

A gona ne ya fara koya mata. Yakan yanko kan gero ya ɗaga, ya yi alamarsa, ya jira ta maimaita. In ta yi ba daidai ba sai ya kama yatsunta ya gyara. Gero, dami, rumbu, rijiya, rana, gajiya. Daga nan aka shiga waɗanda ba a iya nunawa da yatsa: jiya, gobe, tsoro, me ya sa. Hannunta ya saba da murza tunkuza, bai saba da wannan ba, kuma abin na buƙatar ta tsaya gaba da gaba da shi tana kallon fuskarsa. Ran nan ta hango matan maƙwabtan gona sun tsaya suna kallonsu, sai ta sauke hannu da sauri ta sunkuya kan dami.

Danda na kusa yana ɗaure nasa. Bai ɗago ba ya ce, "A'i, kunyar ɗan fari ta masu kunne ce. Iya in ta kau da kai gare ni, ina jin muryarta ta bayan danga. Shi in kin kau da kai, mi ya rage mishi?"

Sai ta miƙe ta ci gaba daga inda suka tsaya.

Da 'yan kalmomin nan suka riƙa tono zamanin da. Ya nuna mata inda tsohuwar tsamiya take kafin iska ta kayar da ita. Ya tuna mata jakin Danda mai cizo, da ranar da ya faɗa cikin kwatarniyar rini ya fito shuɗi har wuya. Ita ta ɗauka duk wannan ya tafi tare da jinsa, ashe yana nan a ajiye. Wani abin ta gane, wani ya wuce ta, sai su yi dariya su bar shi. Ya kuma ba ta labarin kaso kaɗan: yadda ake kashe fitila ya rasa ganin bakin kowa, da wani yaro ɗan Tibiri da ke taɓa ƙafarsa in an kira abinci don kada ya rasa.

Da aka kusa gama ɗaurin dami Danda ya same ta tana sheƙar wake.

"Ki bar mini shi. Nan ba mai ce mishi ɓarawo. Ga gona, ga dabbobi, in ya ƙara girma in yanka mishi tasa. Yaron ga yana da hannun noma."

Maganar ta kwanta wa A'i. A Kona ya yi ƙiba, ya daina zabura, kuma nan ne duk abin da ta sani na farin cikinsa ya faru. Ta kusa cewa to. Amma da yammar ranar, bayan la'asar, ta fito ɗiban ruwa ta wuce dandalin da maza ke zama. Samari sun kewaye tukunyar shayi ana ta gardamar kokawa, ana shewa. Ɗan Malam na cikinsu, an ba shi wuri, an miƙa masa kofi. Idonsa na bin bakin wannan ya koma na wancan. In an yi dariya shi ma sai ya yi, a makare. Wani ya dafa shi ya ce masa wani abu, ya gyaɗa kai. Ta san wannan gyaɗa kan.

Da ya shigo gida ta tare shi a bakin rumbu. Ta haɗa 'yan alamun da ta iya, a hankali: kai, so, ina? Ta nuna ƙasa, Kona ke nan. Ta nuna yamma, Maradi.

Ya daɗe yana kallon ɗakin Iya. Sannan ya nuna ƙasa, ya dafa ƙirji, alamar yana son nan. Ya sake nuna ƙasa, ya yi alamar mutane da yawa, ya yi alamar magana, ya kaɗa hannu: babu. Daga nan ya nuna yamma.

Da Lamine ya zo ɗaukarsu, A'i ta bari sai da ya ci abinci ya sha ruwa.

"Maigida, ina da magana. Na tambaye shi, ya ce makarantar yake so."

"Kin tambaye shi? Da wane bakin?"

Ta kira yaron da hannu. A gaban uban ta tambaye shi abin da suka girbe yau, da wanda ya zo, da inda za su gobe. Ya amsa, ta faɗa da baki. Ta yi kuskure sau biyu, ya gyara mata. Lamine ya ajiye kofin da ke hannunsa yana kallonsu.

"Ni tsorona kada a sake cutar shi," ya ce daga baya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ni ma shi ne tsorona. Amma waɗanda sunka cuce shi, a ƙofar gidanmu sunka same shi. Da yana da bakin da zai ce ba ni ba ne, da ba a kai ga haka ba."

Sai da suka koma Gidan Amumune da kwana biyu A'i ta ji Lamine a zaure yana waya da Nana Firdausi, yana tambayar abin da ake zuwa da shi.

Su uku suka tafi. Suka bar moto a Mayahi wurin wani abokin Lamine, suka shiga motar Maradi. Nana Firdausi na jiransu a ƙofar makarantar. Lokacin an fito shan iska, filin cike da yara manya da ƙanana, amma ba hayaniyar da A'i ta sani ta lakwal, sai ƙarar takalma da dariya, da hannuwa ko'ina suna tashi suna sauka. Wasu 'yan mata biyu na faɗa daga nesa, kowace ta ci ɗamara, ba wadda ta ce uffan. Ɗan Malam ya tsaya turus da jakarsa. Wani saurayi mai ƙurar katako a riga ya matso ya yi masa wata alama, ya amsa, saurayin ya sake yin wata, sai ga shi sun yi nisa cikin zance. Da za su rabu Ɗan Malam ya durƙusa wa uban, Lamine ya dafa kansa ya yi masa addu'a da baki, ya daɗe bai ɗauke hannun ba. A'i ta yi masa alamar ci da alamar da yawa, ya yi murmushi.

Su biyu suka juyo a mota. Suka ɗauki moto a Mayahi, suka kama hanyar gida rana ta yi sanyi, gonaki duk an girbe sai kara a tsaye. Sun yi nisa sai Lamine ya rage gudu, ya ratse gindin wani gawo ya kashe moto. A'i ta zaci esansi ne, man moto, ya ƙare.

Ya sauko ya tsaya yana duban hanya, gaba da baya. Ba kowa sai wani mai amalanke can nesa.

"Madan ta ce da hutun tsakiyar shekara za su zo gida," ya ce.

"Haka ta ce."

Ya ɗan sosa ƙeya. "In mutum zai ce sannu da zuwa, yaya ake yi?"

A'i ta ajiye ƙullin da ke hannunta a kan sirdin moto, ta nuna masa. Ya gwada, yatsunsa sun sandare da riƙon kan moto, abin ya fito wani iri. Ta ce ba haka ba, ta sake yi a hankali. Ya sake gwadawa. Mai amalanken ya ƙaraso, ya yi musu sallama yana kallonsu da mamaki. Lamine ya amsa masa, ya jira ya wuce, sannan ya ce ta ƙara nuna masa sau ɗaya.